Numfashin Aro

A garejin mahaifina da ke bayan Kuopio,
inda sanyi ke manna sifana da tafin hannu,
na ɗaga bonet ɗin jar motarsa mai kujera biyu.
Shekara talatin da ɗaya injin nan
bai taɓa shaƙar iskar da ba shi ya jawo da kansa ba.

Cikin kwali ga abin da na sayo da albashin wata uku:
turbo, dodon koɗi na ƙarfe, nauyin jinjiri,
farfela biyu a cikinsa, sanda ɗaya ta haɗa su.
Hayaƙin da inji ya tofar shi zai juya ta farko,
ta biyun ta yi aikin zugazugi,
ta danna masa iska har maƙoshi.

Urho, mahaifina, bai taɓa son abin ba.
“Inkeri,” in ji shi, “sha daban, ɗure daban.
Wannan injin, ka taɓa shi ya amsa.
Wancan sai ya yi nazari tukuna,
kamar wanda aka zo wa biyan bashi.”

Da ya faɗi haka da ƙarfi.
Yanzu yana kan kujerar katako kusa da murhu,
siririn tiyo a hancinsa,
tukunyar iska a gefen takalminsa tana cewa tss, tss,
ita ke cika masa abin da huhu ya gaza.
Ban ce komai ba. Shi ma bai ce ba.

Noti na huɗu na salansa ya karye a ciki.
Kwana biyu ina haƙarsa, ina zagin tsatsa.
Na huda kaskon baƙin mai, hannuna na rawa,
don mai ya sami hanyar komawa gida.
Na yanke bamba da zarto,
mai sanyaya iskar ya ƙi shiga ta lalama.
Sabon kuloci, sababbin fulogi,
jini kaɗan a ƙullin yatsa.

Daga kujera ya nuna da haɓa:
“Kar ki matsa mata fiye da rabi.
Fistin ba ya kuka, sai dai ki tarar ya narke.”
Ashe duk yana kallo.

Ranar da ƙanƙarar Kallavesi ta fara tsagewa
na ɗaure tukunyarsa a bayan kujera da bel.
Muka hau titin gefen tafki, itatuwa jiƙe sharkaf.
Giya ta uku. Na taka totur.

Shiru.
Ɗaya, biyu,
ya juyo zai ce ai na gaya miki,

sai fito ya taso daga ƙarƙashin bonet,
siriri, yana hawa,
kujera ta naushe mu a gadon baya,
hularsa ta bi iska, ta nufi tafki.
Na ɗaga ƙafa, motar ta saki ajiyar zuciya: tss.
Tukunyar baya ta amsa mata: tss.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Na tsaya gefen titi, ina riƙe da kafaɗarsa,
ƙarfe mai zafi na ƙas-ƙas yana hucewa.

Da numfashi ya dawo, ya goge ido da bayan hannu.
“Ba muryarta ba ce,” ya ce.
Ya daɗe yana kallon allurar da ta kwanta.
Ya gyara tiyon hancinsa.
“Sake takawa.”