Juye a Jega

Fijo tawa ta girmi ɗana na fari.
Da asuba sai ta yi tari sau uku
kafin ta amsa kiran makulli,
kamar dattijon da ake tayarwa sallah.

Ranar kasuwar Jega na sauke albasa,
buhu tara, na ƙirga abin da ya saura:
kuɗin juye bai cika ba.
Na zaro sandar awon mai,
ta fito baƙa ƙirin kamar gindin tukunya.

A bakin tasha ga Ɗantani da teburinsa,
ya jera gorunan ruwa cike da mai,
rana ta ratsa su, jawur kamar zuma.
"Rabin kuɗi, direba. Mai ai mai ne.
Tsohuwa me ta sani na daɗin miya?"

Hannuna har ya kai aljihu,
sai na tuna motar Bagudu
da ta sha irinsa bara,
ta yi kuka ɗaya a hanyar Tambuwal,
yau kaji ke ƙwai a kujerarta.

Na ari gora ɗaya na kai wa Na'Allah makanike.
Bai ce uffan ba. Ya ɗiga a yatsa,
ya murza, ya shinshina,
ya miƙo mini: "Taɓa ka ji."
Na ji shi kamar rairayi a tuwo.
"Wanga ya gama rayuwa cikin wani inji,
aka tace shi da ƙyalle, aka yi mishi wanka.
Kallon kitse kake wa rogo."

Na ce to mai tsadar fa,
na cikin shago, mai rubutun zinariya?
Ya yi dariya har hularsa ta karkace.
"Shi ko tsararo ne, na 'yan yayi.
Tsohuwarka ringinta sun saki,
ka zuba da hantsi, ka tarar da shi ƙasa da la'asar,
saura ya bi salansa, shuɗi.

Nemi mai kauri, galan a rufe,
hatimi bai fashe ba,
ko da sunansa bai yi tashe ba.
Araha ba ita ce cuta ba,
rashin asali ne.
Ka canja da wuri, har da filta,
kada ka jira sai ta roƙa."

Na mayar wa Ɗantani gorarsa, ya tsuke fuska.
Cikon kuɗin, mai shayi ya ranta mini.

Bayan magariba muka kama hanyar gida,
ni da ita da warin albasa.
Na kashe rediyo ina sauraronta.
Tarin yana nan, ba ta koma budurwa ba,
amma ƙarar nan ta ƙarfe kan ƙarfe
ban ƙara jinta ba
har muka ga fitilun Aliero.