Littafin Maki

Ni ne mai riƙon littafi a zauren nan,
Tsohon kantin masaƙa a Kakuri,
Inda injuna suka yi shiru tun ina yaro.
Abin da ke ƙara a nan yanzu sai karta.

Ƙungiya shida, kowacce da mutum huɗu:
Kawo, Barnawa, Rigasa, Tudun Wada,
Sabon Tasha masu jajayen riguna,
Sai 'yan gida, da kofi bai taɓa kwana hannunsu ba,
Amma ko Asabar guda ba su yarda su huta.

Farkon kaka shugabanni kan zauna,
A jera sunaye kamar awaki a Zango.
Wanda ya zo kashin baya bara shi ke fara zaɓe,
Don kada mai ƙarfi ya ƙara ƙasaita.

Ba a ɗora ko kwabo bisa tebur.
Liman ya tambaya, fasto ma ya leƙo.
Marfin kwalba ɗari ake ƙirga wa kowa,
Albashi kuwa mai gidan burodi ke biya ƙarshen wata.

Kujera shida, kowace ƙungiya ta turo ɗaya.
Wanda marafansa suka ƙare ya miƙe.
Na farkon tashi ya tafi hannu wofi,
Mai bi masa maki ɗaya, haka har biyar,
Ni kuma in lashi bakin biro in rubuta.

Na san Lawandi: in yana cika baki da hannun banza
Goron bakinsa kan daina motsi.
Na san Dogara da kunnensa mai rawa.
Wadda ta gagare ni ita ce nas ɗin Barnawa,
Fuska kamar ƙofar asibiti da dare, Kyauta.

Daren ƙarshe ruwa ya sauko,
Kogi na ta gunji bayan layin dogo.
An ɗauke wuta, an ta da janareta.
'Yan gida maki uku kawai suke nema,
Mutum huɗu a tebur: ɗaya ya tashi, magana ta ƙare.
Jatau ke zaune musu, tsohon makanikin masaƙa,
Wanda duk shekara ake zaɓa a ƙarshe
Don ba ya ja da baya ko wuta za ta kama gemunsa.
An raba. Ya ɗaga kusurwa, ya karanta.

Kyauta ta ture marafanta duka tsakiya.
Dogara ya bi ta, kunne na kaɗawa.
Zaure ya yi tsit, sai kwano da ke ɗiga.
Jatau ya dubi hannunsa,
Ya dubi benci, inda yara uku masu irin rigarsa
Suke cizon yatsa ba su sani ba.
Ya kife, ya tura, ya ce, "Na fita."

Dogara ya faɗi. Maki uku sun tabbata.
Aka ɗaga Jatau sama har ya bugi fanka,
Wani na cewa tsoro ne ya cece shi,
Wani na cewa ashe tsufa na saita mutum.
Shi dai takalminsa yake nema,
Yana cewa a sauke shi, gwiwa ba ta gama warkewa ba,
Gida yake so ya je ya kwanta.

Ni ke tattara kati in an watse.
Na juya nasa kafin in cuɗa:
Sarakuna uku, kafaɗa da kafaɗa.
Shekara tara yana jiran irin wannan hannu,
Da ya bi, da ya kwashe teburin,
Ko kuma, wa ya sani, da ya kwashe kofin daga bakin yaran.

Littafina layi biyu gare shi, suna da maki.
Na duba gefe, na duba ƙasa,
Babu gurbin abin da mutum ya riƙe ya ajiye.
Na sa uku gaban Jatau, na rufe.
Har na kai gada a kan keke, ruwa na dukana,
Sarakunan nan sun ƙi bari in manta.