Abin da Na'ura Ba Ta Ƙirga Ba

A Aboabo, saman shagon mai walda,
akwai ɗaki mai kwamfuta tara.
Uku sun mutu, ɗaya sai ta yi tari take tashi.
Nan muke karatun dare, mu biyar, rukuni guda,
tambayarmu ɗaya: me ke sa kwata ta cika ta shigo gidaje
duk sanda hadari ya haɗo ta Asawase?

Shafi guda aka ba mu, kowa da launinsa.
Ni kore, Akosuwa ja,
Tahiru shuɗi, Zuleha ruwan goro,
Mumuni rawaya,
launin da ba mu taɓa ganin ya motsa ba.

Ƙofa ba ta buɗuwa sai Baba Isaka ya idar da lisha.
In liman ya ja sura, darasi ya gajarta.
Makullin na aljihunsa, tare da goro da carbi.
To gaya mini, ina injin ya fara?
A wayar da ta bi bango,
ko a gwiwar tsohon da ke hawa bene yana hutawa?

Akosuwa daga cikin trotro take rubutu da babban yatsa,
tsakanin Kejetiya da gida, kwandon wata a cinyarta.
Tahiru ya goge jimlata, in mayar, ya sake gogewa.
A allo muka yi faɗan da ba ma iya yi ido da ido,
da safe mu haɗu wurin mai koko, ya biya mini ƙosai.
Zuleha ba ta buɗe baki a aji,
amma tsakar dare, in 'ya'yanta sun kwanta,
sai ka ga ruwan goro na bin layi kamar tururuwa,
tana ɗinke lissafin da muka yaga.

Mumuni fa?
Shi ya naɗe wando ya shiga kwata da igiya,
ya auna zurfi wuri goma sha ɗaya,
ya ƙirga ledojin ruwa har ƙirga ta ɓace masa.
Ran da aka ɗauke wuta
janaretan yayansa ya turo a baro.
Sidi ashirin na datar da muka ƙona, guminsa ne.
Kowace lamba a shafin nan da laka ta zo,
ni dai na wanke ta na buga.

Ran Laraba Madam Serwa ta buɗe rahoto.
Na'ura ta ce: Fuseina, kalma dubu da ɗari biyu.
Mumuni, sifili.
Ba ƙarya ta yi ba.
Yatsu aka ce ta ƙirga,
ba wanda ya gaya mata akwai ƙafafu.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi,
kuma ni ce gardin.

Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba,
ya ce shi da madannai ba sa ga maciji.
Madam ta ce ita ma lambobi ake tambayar ta a sama.

Sai na tashi, na tura masa kujera.
Ya zauna yana neman harafi
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Data na zurarewa.
Baba Isaka ya kaɗa makulli sau biyu a bakin ƙofa,
ya dube mu, ya zauna a matakala, ya ɓare goro.
Tahiru ya rungume hannuwansa, bai goge komai ba.

Rawaya ta motsa:
"Wajen gadar katako, ruwa ya kai mini ƙirji."

Kalma takwas. Na'ura ta rubuta takwas.

Can daga wata mota da ta maƙale a cunkoso
ja ya ɓullo ƙarƙashin layinsa:
"Da damina, ko jiya?"

Mumuni ya goge tafinsa a wando,
ya sake sunkuyawa.