Kukan Na Uku

Suda ta sauka kan gawo da hantsi,
ta buɗe baki kamar dillaliya ranar kasuwar Guri.
Ta ba da labarin gero, ta ba da na fāra,
ba ta bar wa kowa gurbin sa baki ba.

Baffa Jibo na ɗinkin koma a gindin itacen.
Ya ce, wannan ai surutu ne, yaro,
da dai ka ji Mai-kiran-ruwa.

Na ce, wace ce?
Ya soke allura a hula.

'Yar mitsitsiya ce, ba ta kai suda ba,
launin toka, da ɗigon rawaya a maƙogwaro
kamar yaro ya taɓa ta da yatsa mai garin ɗorawa.
Suda ko'ina gidanta ne,
ƙaya, darni, bayan rumbu.
Ita kuwa ba ta sheƙa sai a ciyawar bakin ruwa.
Suda kullum da magana.
Ita kuka uku take yi, ta yi shiru,
mu kuma mu kwance jirage, mu kwashe kaya daga kwari,
don jibi ruwan Haɗeja zai iso.

Sai kacalla ta cinye fadama.
Sai feshi ya zo a jarkoki.
Shekarar da aka yaye uwarka na ji ta ƙarshe,
ita kaɗai, tana kira, ba mai amsawa.
Wasu sun zo daga jami'a da littafi mai hotuna,
na lashi yatsa, na bi shafi-shafi.
Suda na ciki. Ita ba ta.

Na zaro waya. Baffa, yi mini kukanta.

Ya tattara leɓe.
Na farko ya fito siriri kamar zare.
Na biyu ya hau samansa.
Na uku, iska ce kawai ta bi ta giɓi.
Ya sake. Iska.
Ya yi dariya har da tari:
tun da haƙorin nan ya faɗi bara
na ukun ya bi shi.

Yanzu ga abin da wayata ta riƙe:
fito biyu, tarin tsoho,
da suda a sama tana ta zuba.

Jiya na kunna wa 'yata Tsahare.
Ta saurara, ta ce, Baba, tsuntsun na da daɗin murya,
amma waye wannan yake damunsa?