Mashigar da ke Cikin 'Yata

Shekara ashirin da uku ina ɗaure igiyar jirgin fito
a mashigar Chacao, ruwan sama na dukan ƙeyata,
ban san akwai wata mashiga a cikin 'yata ba
sai ranar Talatar nan.

Likita Cárcamo, a asibitin Ancud,
ta juya bayan takardar magani,
ta zana hanta, sai ka ce dankalin da aka tsaga.
Ta ce, "Eliseo, kai ka san fito.
Duk ƙwayar da Yasna ta haɗiya fasinja ce.
In ta gama zagaya jini, nan take zuwa
a ƙetare da ita, a yi waje da ita.

"Kabamazafin ɗan gaggawa ne.
Yakan ƙaro jirage, ya ƙaro matuƙa,
ya kwashe kansa, ya kwashe maƙwabta.
Lamotirijin bai gama aikinsa ba
an riga an sauke shi a wancan gefe.
Shi ya sa muke ba ta shi da yawa.

"Yanzu za mu sallami ɗan gaggawa, sannu a hankali.
Mai zuwa, balfurowet, zama yake a bakin gaɓa,
ya miƙe ƙafa, ya tare hanya.
Lamotirijin zai taru, layi har kan tudu.
Abin da jiya bai isa ba, gobe ya yi yawa.
Dole a rage."

A rage?
Yarinyar dai ita ce, kilo talatin da ɗaya.
Ni na ɗauke ta daga gaban murhu
ranar da farfaɗiya ta kayar da ita,
tukunyar kifi na tafasa, harshenta na jini.
Tun daga ranar nake ƙirga ƙwaya
kamar mai ƙirga kuɗin bashi.
Yau a ce in karɓi ƙasa da haka, in yi godiya?

Likita ba ta ja da ni ba.
Ta ce, "Jiragen da aka ƙaro ba sa tafiya dare ɗaya,
sai an yi makonni.
Ka duba fatarta kullum.
Ƙuraje, zazzaɓi, ko gyambo a baki,
kada ka jira gari ya waye."

To, haka muke.
Uwarta, Berta, ta manna jadawali jikin firji,
fensir na lilo a bakin zare.
Da dare ina haska wuyan Yasna da tocila,
bayan kunne, gwiwar hannu.
Tana dariya, wai ina neman ƙuma.

Jiya iska ta hana mu tashi.
Motoci suka taru tun daga gaɓa har bayan coci,
fitilu ja, ba mai motsi.
Abokan aiki suna shan shayi, suna zagin teku.
Ni kuwa na tsaya ina ƙirga su,
hannuna a aljihu, riƙe da takardar nan
mai zanen dankali.