Bakwai Cikin Ɗari

Ƙarfe bakwai nake ƙetare gadar Kwalkwalawa,
masunta na jan koma a ƙasa,
ni ina bayan ɗan kabu-kabu,
rungume da jakar ma'auni
kamar jinjirin da ba a raɗa wa suna ba.

A cibiyar bincike aikina ba shi da kwarjini.
In hau tsani, in manna waya a bayan farantin sola,
in rubuta lamba, in sauko.
Bayan rubu'in awa in sake hawa.
Wata goma sha ɗaya ke nan.
Tafin hannuna ya san zafin kowane ƙarfe a rufin nan
fiye da yadda ya san lalle.

A Mabera kuwa ni ce mai laifi.
Da an ɗauke wuta sai Inno ta leƙo ta katanga:
"Ke Ige, mi kunka yi muna kuma?
Ƙanƙarata duk ta koma ruwa."
Na gaji da cewa ba mu ke rabawa ba,
mu tambayoyi kawai muke yi wa wutar.
Ta ce, "To ki tambayo ta yaushe za ta komo."

Abin da ban faɗa mata ba,
mu ma ana ɗauke mana.
Ran Talata, ana tsakiyar gwaji,
allon kwamfuta ya yi baƙi
da lissafin awa shida a cikinsa.
Injiniya Ladan ya cire tabarau, ya goge, ya mayar,
ya ce a duba ko da sauran mai a janareto.
Babu.
Muka yi dariya, tunda kuka ba ya cajin batir.

Da lambobin suka taru, ga abin da suka ce:
faranti ma yana jin rana.
A tsakiyar bazara, sa'ad da kwalta ke kama takalmi,
kowa na cewa yau sola ta samu,
a lokacin ne ƙarfinsa ke raguwa,
kamar jakin da aka labta wa kaya ya wuce kima.
Sai na ɗaga shi taƙi guda daga kwanon rufi,
iska ta sami hanya ta ƙarƙashi,
ya huce,
ya ƙaro mini bakwai cikin ɗari.

Bakwai fa. Ba saba'in ba.
Na rubuta shafi arba'in a kansa,
aka buga, aka sa masa shuɗin bango.
Yana can a kanta ta uku,
gara ce ta fara karanta shi, daga baya.

Amma Modi mai walda, da ke haɗa mana ƙafafun ƙarfe,
bai taɓa buɗe rahoton ba.
Kallona ya yi ta yi daga ƙasa, yana cin gyaɗa.
Rannan ya hau, ya ware yatsu, ya auna,
ya sauko bai ce komai ba.

Makon jiya ya kira ni daga wani ƙauye bayan Wamakko,
muryarsa na yankewa.
Wai firjin alluran rigakafi na asibitinsu,
wanda ke mutuwa kafin kiran assalatu,
yanzu yana kai wa fitowar rana.
Wai mai jinyar ta tambaye shi sunan dabarar,
ya rasa abin faɗa, ya ce taƙin Ige.

Na dawo gida, unguwa duhu,
fitilun waya na yawo a bakin ƙofofi.
Inno na zaune da kularta, ta ce, "Kin tambayo ta?"
Na ce na tambaya,
ta ba ni bakwai.
Ta yi tsaki, ta miƙo mini zoɓo mai ɗumi,
ta ce in biya rabin kuɗi.

Na sha. Na saita ƙararrawa ƙarfe biyar.
Faranti na huɗu bai ba ni amsa ba tukuna.