Shirun Minti Ɗaya

Kyamara na zo nema Jos,
da jaka ɗaya da rigar sanyin yayana.
Ranar rabon aiki Malam Davou ya dube ni sama da ƙasa,
ya ce, "Kai dogo ne, riƙe wannan."
Sanda ce, da makirfo a bakinta,
ya sha gashi kamar buzun akuya.
Kyamarar kuwa Chundung aka ba.
Na haɗiye abin da na haɗiye.

Mako uku hannuwana na sama
kamar wanda aka tare a shingen hanyar Bukuru.
"Yanke! Tasi'u, ga inuwarka a bango!"
Rannan cikina ya yi ƙugi, na'ura ta kama,
aka yi ta maimaita shi a ɗakin tacewa
har mai shara sai da ya dara.

Mun koyi raba hoto gida uku,
mun koyi akwai layin da ba a gani, ba a kuma tsallakewa,
fitila ɗaya ta tsufar da mutum,
biyu su mai da shi ango.
Duk na rubuta a littafi mai koren bango,
amma kafaɗata ta fi ni hadda.

Sai aikin ƙarshen zango:
minti bakwai a kan Baba Gyang,
wanda ya yi shekara talatin yana wankin kuza
a bakin wani kududdufi bayan Rayfield.
Ruwan kore shar, ko motsi ba ya yi.
Ya ba mu labarin kwano da sikeli,
da tarin da ya ƙi sakinsa.
Ladidi, daraktarmu, ta karanto daga takarda:
"Ina ɗanka yanzu, Baba?"
Ya nuna ruwan da haɓa.
Bai ƙara ba.

Da muka gama Malam ya ɗaga yatsa.
"Kowa ya tsaya cak.
Tasi'u, ɗauko mana shirun wurin nan, minti ɗaya."
Na zaci ba'a ce.
Shiru ma ana ɗauka?
Na danna abin kunne, na rufe ido.

Ashe shiru cike yake maƙil.
Iska na gogar gefen dutse,
can nesa tifa na juye yashi,
wata mata na kiran akuyarta da Berom,
agogon hannun Chundung,
numfashin Baba yana shiga da ƙyar
kamar ƙyauren da ya sha damina,
sai wani abu a ƙarƙashin duka
wanda har yau ban san sunansa ba.
Allurar na'ura dai ta motsa.

Daren tacewa wuta ta ɗauke sau biyu,
muka yi karo-karo muka sa wa janareta mai.
Ladidi ta nuna inda Baba ya ɗaga haɓa:
"Daƙiƙa goma sha ɗaya ba magana. A cire."
Ni da ko musun ƙwallo ba na yi,
sai ga tafina a kan allon kwamfuta.
"A bar shi."
Muka ja har shayi ya huce,
muka sasanta a tara.

Ranar nuni, farin zani aka kafe a bangon aji.
Sunana ya fito na shida, da ƙananan baƙaƙe,
an ma rubuta shi ba daidai ba.
Malam ya ce haske ya ƙone ta hagu,
ya rage mana maki biyar.
Amma cikin daƙiƙa taran nan
ko tari ba wanda ya yi.

Yanzu in na ratsa kasuwar Taminus
kunnuwana ke riga ni isa.
Jiya Iya ta bugo daga Ningi:
"Yaushe ne za mu gan ka a talabijin?"
Na ce, "Ba za ki gan ni ba, Iya.
In an sa, ki rufe ido."